Yatsun Tawasil Takwas

Ka taɓa ganin mutumin da kifi ya ja kamar akuya a igiya? Tawasil na tsibirin Sitangkai ke nan, mai nutso da mashi, yatsunsa takwas.

Tun yana yaro yake shiga teku da katakon bugun ruwa ɗaya ɗaure a ƙafar dama, faffaɗa kamar faifai, shi ya sassaƙa abinsa. Kifaye kuwa kashi biyu ya raba su. Akwai mai faffaɗar wutsiya, wanda ke fizga da ƙarfin gaske sau ɗaya, ya ƙara, sannan ya gaji. Akwai mai siririyar wutsiya kamar lauje, wanda ke yanka ruwa ya wuni yana gudu ko a jikinsa. Na farko a kan riƙe masa igiya har ya saduda. Na biyu, in ya girma, sai a saki, a haƙura da mashin.

Matarsa Salbaiya ce ke riƙe masa kwalekwale. A wata guda ya saki mashi biyu, ita kuwa ba ta bari ya manta ba.

"Baban Nuriya, yau ma sadakar mashi za a kai wa teku? Gayan rogo za mu sake ci ke nan."

"Ke dai riƙe filafili. Bakin nan naki ya fi injin jirgi ƙara."

"Injin ai yana kawo kifi gida."

Ya yi dariya, amma maganar ta soke shi. Ya naɗe igiyar mashin a ƙaramin yatsansa na hagu da mai bi masa, ya ƙulle tam, ya nutse.

Ruwan ranar a gurɓace yake. Ƙarƙashin wani dutsen murjani ya hango kai da ido ɗaya, sauran jikin na cikin duhu. Mai laɓewa a irin wurin yawanci mai faffaɗar wutsiya ne, don haka ya harba. Kifin ya fito, tsawonsa ya kai na mutum, sai ga wutsiya kamar lauje.

Fizgar farko ta goce masa kafaɗa. Kifin ya ja shi bisa murjani, dutsen na fere masa ƙirji da cinya kamar ana kankare rogo. Ya shiga bugun ruwa da katakonsa. Kowane bugu na tura ruwa da yawa, amma nan da nan cinyar ta mutu, sannan maɗaurin ya tsinke, katakon ya yi nasa wuri. Ya laluba wuƙa a ƙugu, ashe dutse ya riga ya tsige ta. Jini na fita ta hancinsa, ƙirjinsa na neman fashewa. Gaba kaɗan dutsen ya ƙare, sai zurfi baƙi ƙirin. In kifin ya gangara can da shi, shi ke nan.

Tawasil ya cusa ƙafafunsa cikin wani tsagin dutse, ya ƙanƙame, ya miƙa hannun ya bar wa igiya. Ya ji ƙas har cikin haƙoransa. Kifin ya wuce da mashi da yatsu biyu.

Salbaiya ta ga ruwa ya yi ja kafin ta ga mijinta. Ta damƙo gashinsa ta jawo shi cikin kwalekwale, ta yage zaninta ta ɗaure hannun, tana kuka tana zaginsa.

"Wa ya ce ka ɗaura? Mahaukaci kawai! Wa ya aike ka?"

"Mashi na uku," ya ce, yana aman ruwan gishiri. "Ki ƙara a kan waɗancan biyun."

Ta ɗirka masa dundu, sannan ta rungume kansa.

Har yau yana nutso. Katakonsa yanzu dogo ne siriri kamar wutsiyar kifin da ya ja shi, kuma ba ya harbin kifin da bai ga wutsiyarsa ba, ko da gidan zai kwana da yunwa. Salbaiya ba ta sake yi masa gorin mashi ba.

In kana shakkar cewa faffaɗa ya fi siriri saurin gajiyarwa, cika baho da ruwa, ka kaɗa faranti a ciki, sannan ka kaɗa muciya. Ka ƙirga da kanka, ka ga wanne zai fara kashe maka hannu.