Babin da Kawu Ya Ƙona

Jiya ɗiyata ta ce in ƙarasa mata littafin da ta aro a lakol, wato makaranta, sai marigayi Kawu ya faɗo mini a rai.

A Gangara shi ke karanta mana labari bayan la'asar, muna ɓarar gyaɗar iri. Sai tiya, kwanon awo, ta cika yake buɗe sabon babi, ko da yatsunmu sun yi kanta.

Ranar babin ƙarshe ya shinshina bakin ƙanwata, ya ji ƙamshin gyaɗa. Ya yage shafukan, ya cusa su cikin murhu tana kallo.

Ya ce, "Mai cin iri ba ya ganin girbi."

Har ta girma ba ta sake zama sauraren labari ba.

Allah ya ji ƙan Kawu fiye da yadda shi Kawun ya ji ƙanta.