Faifan Sa'ad a Gonar Gero

Shekara ashirin da shida Malam Abdulwahabu ya yi yana buga wa mutane takardu a wani ɗan shago a Tudun Wada. Tsantseninsa ya wuce kima. Ka kawo masa wasiƙa, sai ya gyara maka kuskure, ya ɗora maka faɗa kyauta. Amma aikin da yake ji da shi ba wanda ya sa shi: waƙoƙin wa'azi saba'in da huɗu da mahaifinsu ya bari cikin ajami. Shekara uku yana kwafe su a kwamfutar ƙanensa Sa'ad, da wata manhaja da Sa'ad ɗin ya haɗa da kansa don baƙaƙen su fito yadda tsohon ke rubuta su. Da ya gama, ya ƙi fitar da su a takarda, wai sai ya sake bin wasulla ɗaya bayan ɗaya. Ana cikin wannan bita gara ta cinye rubutun asali, Sa'ad kuma ya yi jinyar kwana tara ya rasu.

Bai bar mata ko ɗa ba, saboda haka 'yan'uwansa biyu suka gaje shi. Kwamfuta ta faɗo wa Abdulwahabu. Kwalin faya-fayan CD ɗinsa kuwa aka haɗa shi da fanka da darduma aka ba autansu Mode, manomi a Kalambaina, don kaso ya daidaita. Masu rabon sun yi adalci iyakar saninsu.

Abdulwahabu bai yi sakaci ba, ya kwashe waƙoƙin da jakar manhajar ya zuba a filash. Bara tsohuwar kwamfutar ta ƙone ƙurmus, ya sayi sabuwa, ya juye komai, ya danna manhajar. Sai wani ɗan akwati ya fito, wai an rasa wani fayil. Ya danna ya fi sau ashirin, kamar na'ura za ta ji kunyar furfurarsa. Daga nan ya kai ta wurin Khaula, mai gyaran kwamfuta a Sama Road.

"Baba, waƙoƙinku suna nan," in ji Khaula. "Manhajar ta ba ta tashi ita ɗai. Akwai hwayil da taka aro, kamar turmi guda da gida ukku ka daka ciki. Ba cikin jakarta shi ka zama ba, shi as sa ba ku kwaso shi ba."

"To sauko da shi mana, ɗiyata. Ba komi ka akwai intanet ba?"

Kwana biyu tana nema. Ta samo masu kama da sunansa, manhajar ta ƙi su. Ta gwada a wata tsohuwar na'ura, amsar ba ta sake ba.

"Baba, wanga hwayil marigayi da kainai yar rubuta shi. In ba hwaihwan da anka sa manhajar da shi ba, ban san inda za a same shi ba."

Washegari da hantsi ya hau mota zuwa Kalambaina, ya tambayi Mode kwalin.

"Masu ƙyallin nan, Yaya? Ai suna gona, su ka kore min tsuntsaye. Damana ukku ke nan."

Suka tafi tare. Ga su nan rataye a kan igiya bisa gero, suna juyi cikin iska, kowanne an huda shi da ƙusa. Abdulwahabu ya bi su ɗaya ɗaya. A na goma sha huɗu ya ga rubutun hannun Sa'ad, tawadar ta koɗe amma tana karantuwa: "Na Yaya. A aje da kyau." Rana da ruwa sun ɓare bayansa, har yana hango tafin hannunsa ta ciki. Nan ya durƙusa a kan kunyar gero ya yi kukan da bai yi ba ranar jana'iza, Mode na tsaye yana salati.

Ya kai wa Khaula faifan, ta goge masa ƙura, ta saka, na'ura ta yi ƙugi ta turo shi waje.

Abdulwahabu bai taɓa ganin laifin Mode ba, kansa yake tuhuma da wasullan nan. Kullum da safe yana buɗe jakar, sunayen waƙoƙi saba'in da huɗu suna jere, ba wadda ke buɗuwa. Ya sayi littafi yana rubuta abin da ya rage masa a ka. Ya samu tara. Ta goma ta tsaya a baiti na biyu tun watan azumi.

Wanda ya kawo masa wasiƙa yanzu, yadda take yake buga ta, ya miƙa masa takardarsa nan take.