Kafaɗar Baba Ɗan Dako

Shekara arba'in Baba Ɗan Dako yana sauke buhunan siminti, har tsokar kafaɗarsa ta yage. 'Yarsa, ma'aikaciyar jinya, ta zaunar da shi.

"Baba, akwai ƙananan ƙwayoyin halitta da ke barci a gefen tsoka. In ta yage sai su farka, su haɗe su zama zare ɗaya, su ɗinke wurin. Naka sun tsufa, ka ba su wata biyu."

"Ashe su ma 'yan dako ne," in ji shi. "Wa ya taɓa ba ɗan dako wata biyu?"

Kwana tara ya koma bakin mota. A buhu na uku tsokar ta sake yagewa, hannun bai ƙara ɗaguwa ba. Yanzu 'yar ce ke sa masa riga.