Ƙofar da Ta Gagari Baba

A tashar mota wani magidanci mai furfura yana zaune kan jakarsa, yana latsa waya kamar zai fasa ta. Hannayensa sun yi kanta. Da gani bai saba abu ya gagare shi ba.

"Dubi rainin hankali!" in ji shi, yana nuna wa na kusa da shi wasan da yake yi a wayar. "Ga gatari a hannuna, ƙofar katako ce, amma wai sai na ciyar da akuya hula ta amayo makulli!"

"To, ka goge wasan mana, Baba."

Ya galla masa harara. "'Yata ta sa min. Tun rabuwata da uwarta ba ta kirana, sai yanzu, don ta ji inda na kai a wasan."

Motarsa tana cika, yana tsaki, bai ko ɗago ba.