Gawon Ƙofar Gidanmu

Yanzu in ka taso daga Rano ka nufi Kibiya, kusan duk ƙofar gidan da ka duba darbejiya ce, tsayi ɗaya, launi ɗaya, rani da damina. A da kowane gida da abin da ake gane shi da shi. Mu a Unguwar Gai da gawo ake gane namu.

Gawo ba ya bin sauran itatuwa. Da damina, sa'ad da dawa ta rufe ko'ina, sai ya zubar da ganye ya tsaya fari, rassansa kamar an zana su a jikin baƙin hadari. Da rani kuwa, in gonaki sun koma kara da ƙasa, shi kaɗai ne kore. Kakanmu da ya zo gini bai taɓa shi ba. Ya ja katangar jar ƙasa ta bayansa, ya dasa minjirya mai jan fure a gindin wani baƙin dutse da ke gefe. Na yi shekaru ina yi wa fatake tafinta, na ga lambunan Akara da na Hartum. Wani mai lambu a ƙasar Cadi ya taɓa yi mini dogon bayani da Faransanci, wai haske ba ya fita sai an sa duhu a bayansa. Ina jinsa ina tuna kakanmu, wanda ko kalma ɗaya ta Faransanci bai sani ba.

Na dawo gida ƙarshen damina, a shekarar mulkin kai, saura kwanaki a yi biki. Na tarar an kafa turaku an ja igiya a ƙofar gida, ga dashen darbejiya a kwanduna, ga bokitan farar ƙasa. Yayana, wanda ke riƙe da gida tun rasuwar mahaifinmu, ya ce motocin manyan baƙi za su bi ta nan, ba zai yarda su ga itace tsirara a ƙofarsa ba. Gawon za a sare.

Na tambaye shi wane Bahaushe ne bai san halin gawo ba. Ya ce baƙin mutanen birni ne, har da Bature a ciki. Kwana uku muna abu ɗaya. Na kawo gwaggonmu ta yi masa faɗa. Bafulatanin da ke karkaɗa wa shanunsa 'ya'yan gawon kowane rani ya zo da kansa ya roƙa. Na ce to, a dasa darbejiyar a bar gawon a tsakiya. Ya ce layi zai karkace.

A rana ta uku ya shiga ɗaki ya fito da wata tsohuwar wasiƙata. Ashe wasiƙun da nake aiko masa, a zaure yake karanta wa mutane su.

"Ba kai ka rubuta ba? Ka ce can itatuwansu a layi suke, kowanne an shafa masa fari a gindi."

"Yaya, cewa na yi na gani. Ban ce ya fi namu ba."

"To, Malam mai harsuna, da bai fi ba ai ba ka cika takarda biyu a kansa ba."

Wannan ce ta fi ƙona mini rai, domin gaskiya ya faɗa. Na cika takardu da kayan wasu, ban taɓa rubuta masa layi ɗaya a kan gawon ba, ko da yake shi nake fara hangowa daga kan lori duk dawowa.

Washegari aka sa wa gawon gatari, aka dasa darbejiyar, aka shafa mata fari a gindi. Farar ƙasar da ta rage kuma ba a so ta lalace, sai aka shafe katangar, aka shafe har baƙin dutsen. Minjirya ta yi fure a lokacinta, amma jan nan nata a gaban fari kamar jini a riga yake, ba kyau. Ran biki motoci suka wuce da gudu, ban ga wanda ya juyo ba.

Darbejiyar ta kama, ba na yi mata ƙarya, inuwarta sanyi gare ta. Maƙwabta suka gani suka kwaikwaya. Bayan wasu shekaru na dawo daga wata tafiya, ina zaune a gaban lori idona biyu, har muka wuce ƙofar gidanmu ban sani ba. Direba ne ya tuna mini. Tun daga ran nan, in zan sauka a gidan da aka haife ni, sai na ƙirga ƙofofi.