Yatsan Auta

A layinsu Hedimasta ake ce mata, ko da yake makarantar tata ba ta wuce falo ba, ƙararrawar kuma murfin tukunya ce da cokali. 'Ya'ya tara ta haifa, kuma tun na fari yana rarrafe ta ɗaura aniyar ita za ta koyar da su da kanta, tunda, in ji ta, ita Ubangiji Ya ba amanarsu, ba wani malami mai yara sittin a gabansa ba. Matan zumunta a coci sun sha yi mata tsiya cewa dole ta buɗe makaranta, don ba mai karɓar wannan runduna. Takan ce ita dai ba ta roƙon ɗalibai a gidan kowa, nata a ɗaki ake ƙera su.

Mijinta kafinta ne, mutum mai ƙarancin magana, ko da yake wanda ya auri irin wannan mata ina ma zai samu fili. Shi ya yi teburin makarantar, ya kuma ƙara masa tsawo har sau biyu, shi ya sa katakon yake kala uku. Da safe a yi addu'a a kansa, a ci abinci a kansa, a goge, sai murfin tukunya ya yi ƙara.

Dokarta ɗaya ce, dokar yatsa. Yaro ya ɗora yatsa a ƙarƙashin kalma, ita kuma ta tsaya a kansa, yatsan take kallo, ba bakin ba. Takan ce baki maƙaryaci ne, yana iya kwaikwayon abin da kunne ya ji, amma yatsa bai iya ƙarya ba. Da haka ta koya wa takwas karatu a littafi ɗaya mai koren bango, wanda ya sha ɗinki da gam, har da shatin haƙorin na biyar a kusurwarsa.

Auta ta zo a makare, lokacin da kowa ya ɗauka an rufe shago. A shekarun nan ne ganin Hedimasta ya fara raguwa. Ta gefe abin ya soma. Ta yi karo da kujera, ta ce kafinta ne ya matsar da ita. Zare ya ƙi shiga allura, ta miƙa wa 'yan matan wai don su koya. Ba ta gaya wa kowa ba. Abin da take tsoro ba makanta ba ce, a ce mata ta ajiye alli ne, alhali saura ɗaya ta cika tara. Addu'arta a kicin ba ta da tsawo: a bar mata idon ta gama da wannan yarinya, bayan nan a ɗauka.

Lokacin da Auta ta kai shekara shida, haruffa sun zame wa uwar kamar tururuwa a cikin ruwa. To amma wanda ya bi hanya sau takwas ai ba ya neman fitila. Ta haddace littafin daga bango zuwa bango. Sai ta tsaya a kan yarinyar kamar yadda ta saba, ta sunkuyar da kai, ba ta ganin komai sai wani duhu-duhu a kan farar takarda, tana saurare. Auta kuwa karatu take zubawa kamar famfo, ko tuntuɓe babu. Yayyenta huɗu da suka rage a gida suna can ƙarshen tebur da lissafinsu, kowa ta kansa yake yi. Hedimasta ta yi ta alfahari a coci cewa ba ta taɓa samun ɗaliba mai kai irin wannan ba. Wani lokaci santsin karatun yakan ɗan dame ta, sai ta kau da tunanin.

Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi. Babbar 'yarta, wadda take aikin nas a wani gari, ta zo hutu da tsarabar sabon littafin karatu. Ran Litinin da safe ta zauna a tebur, ta buɗe wa Auta shafin farko, ta ce a karanta wa Yaya. Auta ta dubi shafin, ta dubi uwarta, sai ta fara zuba labarin kaza da 'ya'yanta, alhali hoton jirgin ruwa ne a gabanta. Nas ta yi dariya, ta ɗauka wasa ne. Da ta ga yarinyar ba ta dariya, sai ta ɗauko tsohon littafin ta buɗe mata. Auta ta fara, yatsanta yana yawo a kan takarda kamar ƙuda, ya kai ƙarshen layi baki yana tsakiya. Nas ta haɗa shafi uku ta juya a lokaci ɗaya. Auta ta ci gaba da shafin da kunnenta ya san shi ne na gaba. Tun tana goye take jin littafin nan.

Hedimasta tana tsaye a kanta, kai a sunkuye, ta ce madalla.

Nas ta daɗe tana kallon uwarta. Sannan ta sallami yaran waje.

"Mama, yatsu nawa na ɗaga?"

"Ni za ki yi wa jarrabawa a makarantata? Da na san haka za ki zama, da tun a shafi na biyu na kore ki."

"Mama."

Hedimasta ta lalubi kujera ta zauna. "Ba ki ɗaga komai ba," ta ce.

Yatsu uku kuwa Nas ta ɗaga. Haihuwar guzuma ke nan, ɗiya kwance uwa kwance: shekara ɗaya da rabi mutum biyu suna karatu a littafi ɗaya, ba mai ganin harafi a cikinsu.

Likita ya ce hawan jinin ido ne. Maganin ɗigawa zai riƙe ɗan abin da ya rage, wanda ya tafi kuwa ya tafi, kuma da ta zo shekara biyu da suka wuce da maganar ba haka take ba. Da suka iso ƙofar gida, kafinta ya ce ina ma a ce shi ne yake matsar da kujerun da gaske.

Nas ta kawo shawarar a bar ɗiya ta takwas ta koyar da Auta. Hedimasta ta ce wannan ko ƙwai ba ta da haƙurin jira ya dahu. Da bakinta ta ce a kai yarinyar makarantar ƙarshen layi. Aka saka Auta, mai shekara bakwai da rabi, a aji ɗaya da 'yan shekara biyar, gwiwoyinta suna tokarar benci. Ranar farko uwar ta shafa wuyan rigar makarantar da hannu don ta ji ko ya kwanta, ta tsaya a ƙofa tana fuskantar inda takun ya bi. Matan zumunta, da suka shekara ashirin suna jiran wannan rana, ba wadda ta iya yin tsiyar.

Bayan wata huɗu, wata rana da yamma, Auta ta dawo ta hau tebur da littafin jirgin ruwa. Ta kama yatsan uwarta ta ɗora a kan nata, ta fara. Ta yi tuntuɓe a kalma ta biyu, ta koma baya, ta tsaya, ta haɗa haruffa ɗaya bayan ɗaya. Hedimasta tana jin ɗan yatsan yana tsayawa duk inda bakin ya tsaya. Rabonta da jin wannan tuntuɓen tun kan ta takwas.

"Malamar taku tana duba yatsa?"

"A'a, Mama. Mu arba'in ne."

Hedimasta ta goge fuska da gefen zane, ta ce albasar ɗazu ce, ko da yake ba wanda ya yanka albasa a ranar. Ta ƙara danna yatsan yarinyar a kan takarda.

"Koma farkon layin," ta ce. "A hankali."