Odell Faircloth da Dokar Baƙin Ƙarfe

Na daɗe ina soya kaza da kifi a rumfar abinci ta filin tseren motoci na su Tew, tun 'ya'yana suna firamare, yanzu kuwa har da jikoki. Duk wanda ya taɓa ɗora mota a kan wannan titi ya tsaya a tagata ya sha shayi mai sanyi. Don haka idan na ce an cuci Odell Faircloth, ba a bakin wani na ji ba. A gabana aka yi.

Odell bakanike ne a garejin motocin makaranta na gundumarmu, a can ya ƙare aikinsa. Dogo ne siriri, ba mai son magana ba. Ƙarar inji ta kashe masa kunnen hagu, shi ya sa in kana masa magana sai ya karkato kai kamar mai shakkar abin da kake faɗa. Matarsa ta rasu da wuri ta bar masa 'ya guda, Renita, wadda yanzu take aikin jinya a birnin Raleigh. Ban da ita, abin da ya mallaka a duniya shi ne wata tsohuwar mota ƙirar Nova ruwan toka da ya saya tun yana saurayi. Kowace Asabar zai ɗaura ta a tirela ya kawo. Shi ba wani gwani ba ne na a zo a gani. Yakan ci, yakan sha kashi, ya fi yawan zuwa na biyu ko na uku. Amma ba a taɓa buɗe fili aka neme shi aka rasa ba.

Rukunin da yake tsere a ciki shi ake kira rukunin baƙin ƙarfe. Tsoho Royce Tew, wanda ya shimfiɗa titin a gonar tabar ubansa, shi ya kafa dokar: kan injin motarka dole ya zama na baƙin ƙarfe, irin wanda kamfani ya ƙero motoci da shi. Kana iya rarake hanyoyin iskarsa, ka faɗaɗa su, ka goge su, don inji ya shaƙi iska sosai. Amma sababbin nan na alminiyam da ake ƙerawa musamman don tsere, marasa nauyi masu faɗin hanya, ba su da wuri a rukunin. Royce yakan ce ya yi haka ne don mai jiran albashi ya samu inda zai kara da ɗan'uwansa mai jiran albashi.

Sai Royce ya samu shanyewar ɓarin jiki, bakinsa ya mutu, aka kai shi gidan kula da tsofaffi. Fili ya koma hannun ɗansa Darrin.

A shekarar ne Odell ya yi ritaya. Ranar rufe fili da kaka, Darrin yana tsaye a tagata yana cin cinyar kaza, sai Odell ya zo ya tsaya kusa da shi.

"Darrin, tambaya gare ni," in ji shi. "Renita ta ce za ta saya min na alminiyam, kyautar ritaya. In dokar nan za ta canza baɗi, faɗa min yanzu in karɓa. In tana nan, in ce mata ta riƙe abinta."

Darrin ya goge baki da bayan hannu. "Haba, Kawu Odell. Dokar Baba ce fa. Muddin ina nan, ba mai taɓa ta."

Odell ya juyo gare ni. "Mis Lorene, kin ji ko? Ni kunnena ba abin yarda ba ne."

"Na ji," na ce. Muka yi dariya duka ukunmu.

Da ya gaya wa Renita, ranta ya sosu. Ashe ta riga ta yi ta tambayar mutane, ta zaɓi waɗanda za ta saya, har ta shirya yadda za ta kawo masa su da Kirsimeti. Ta same ni a coci ta ce, "Mis Lorene, tun ina yarinya ban taɓa ba shi abin da ya shafi motar nan ba. Sau ɗaya na ce bari in gwada, ya ce a'a." Na ce mata ta yi haƙuri, ubanta bin doka yake yi.

Shi kuwa ya tafi wajen 'yan gwangwan ya tono tsofaffin kan inji guda biyu daga wata akori-kura da ta ruɓe. Lokacin sanyin nan gaba ɗaya a rumfar bayan gidansa ya yi shi, da injin guga a hannu da ɗan risho a gefen ƙafa. Wanda bai ga wannan aiki ba ba zai gane ba. Rami ne ƙanƙane da yatsa biyu suke cika shi, ka yi ta cin ƙarfe kaɗan-kaɗan, kuma dole kowane rami ya yi daidai da ɗan'uwansa. In ya zo coci sai ka ga ƙurar ƙarfe ta zauna a tsagar hannunsa, sabulu ya kasa fitar da ita. Wajen ƙarshen Janairu ya zarce a wani rami, ya huda ya faɗa hanyar ruwan sanyaya inji. Aikin makonni ya tashi a banza. Sai ya koma wajen 'yan gwangwan ya samo wani, ya fara daga farko.

Duk wannan lokaci akwai mai zuwa taya shi hira: Hoyt Strickland, abokinsa tun suna makaranta, wanda shi ma a rukunin yake tsere. Hoyt zai zo da kofi, ya kifa bokiti ya zauna, yana kallo yana ba da shawara. "Ƙara ɗan ci nan gefen, tsoho. Ko hannun ne ya fara rawa?"

Ranar buɗe fili da bazara, ina isowa na ga an rataya ƙaton ƙyalle a bakin ƙofa, ɗauke da sunan sabon shagon kayan mota. Shagon na Colby ne, ƙanin matar Darrin. Ban kawo komai a raina ba. Da aka tara direbobi kafin a fara, Darrin ya ɗauki lasifika ya yi godiya, ya yi wa babansa addu'ar samun sauƙi, sannan ya ce daga yau an halatta na alminiyam a rukunin, wanda yake so kuma yana iya samu a shagon Colby.

Odell ya zo tagata kai a karkace. "Mis Lorene, me ya ce? Ina jin ban ji daidai ba."

Da ma a ce kunnen ne. Na maimaita masa. Ya juya ya bi layin motoci yana leƙa waɗanda aka ɗaga wa murfi, ni ma na kashe wuta na bi shi. Fiye da rabinsu alminiyam ne yake ƙyalli a ciki. Wannan ba abu ba ne da ake ɗaurawa tsakanin sanarwa da tsere. An gaya musu tun da sanyi, sun saya, sun ɗaura, sun gwada. Mota ta ƙarshe a layin ta Hoyt ce. Ita ma haka.

Hoyt ya sunkuyar da kai yana goge sifana. "Darrin ne ya ce kada a faɗa sai an sanar," in ji shi. "Na ga kuma ka riga ka yi nisa da aikin."

"Ranar da na huda na farkon kana zaune a kan bokitina," in ji Odell. "Ranar ban yi nisa da komai ba."

Darrin da ya hango mu ya taho yana murmushi. "Kawu Odell, kada ka ɗauka da zafi. Duniya ce ta ci gaba. Je wajen Colby, zai yi maka sauƙi."

Ni na amsa masa. "Darrin, a tagata ka ce muddin kana nan. Ga ka nan tsaye."

"Mis Lorene, ke dai ki ji da kajinki," in ji shi.

Da wani ne, da ya ɗaura motarsa ya koma gida. Odell ya shiga layi. Ya ci zagayen farko a kan wani mai baƙin ƙarfe irinsa. A na biyu aka haɗa shi da Colby, mai na alminiyam. Fitilar ba da umarnin tashi na yin kore Nova ta ɗaga gaba ta fita kamar ba ita ba, ta riga Colby tashi. Sai a ƙarshen titi, inda inji ya fi neman iska, Colby ya zo ya wuce shi da tsawon ƙofa. Da allo ya nuna lokaci, ashe Nova ba ta taɓa gudu irin na ranar ba tunda aka ƙera ta. Abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Aikin ya yi. Da an bar doka yadda aka yi masa alkawari, shekarar tasa ce.

Hoyt ya je ya miƙa wa Odell hannu yana cewa ya ga lokacin, abin ba dama. Odell ya ci gaba da ɗaure tayoyi a kan tirela har Hoyt ya gaji ya sauke hannun.

Bai sake taka filin ba. Rukunin ma bai yi ƙarko ba: masu ƙaramin ƙarfi suka janye ɗaya bayan ɗaya, waɗanda suka rage Darrin ya haɗe su da wani rukunin. Hoyt ya tura fasto ya ba da haƙuri. Odell ya ce ya yafe, amma a gaya wa Hoyt rumfar bayan gida ta yi ƙanƙanta da mutum biyu.

Yanzu can wani fili yake zuwa kusa da iyakar jihar South Carolina, tafiya mai nisa ga tsoho mai jan tirela. Ba kowane mako yake iyawa ba, ga wani tari da ya kama shi tun sanyin nan wanda bai sake shi ba. In Renita tana hutu ita take tuƙa shi. Ran Talatar da ta wuce na kai masa burodin masara, na same shi kwance a ƙarƙashin mota yana juye baƙin mai. Muka gaisa, ya tambayi jikoki. Ina shirin tafiya sai ya turo kai daga ƙarƙashi.

"Mis Lorene, layin hagun nan na filin su Tew, akwai wani ɗan tudu bayan fitilu. Sun gyara shi kuwa?"

Na ce ba su gyara ba.

"Ki gaya musu," in ji shi. "Zai kayar da wani."